'Yan Matan Zomba Masu Ɗaura Zani

Kafin su kai Zomba motar ta rage gudu a wani ƙauye, saboda ɗanyen ganye da aka shimfiɗa a kan hanya, alamar an yi rasuwa a gidan da ke gefe. Direba ya cire hula, ya kashe rediyo. Tsohuwa Nambewe ta gyaɗa kai. Har yanzu da sauran masu tarbiyya.

Garin ta zo gani da idonta. An ce mata 'yan matan jami'a wando suke sawa, kuma a tsaye suke yi wa manya magana. In ta tarar haka ne, yau ɗin nan za ta tasa jikarta Tiyamike a gaba su koma ƙauye, a haƙura da karatun.

Ba Tiyamike ce ta tare ta a tasha ba. Wata ƙawarta ce, Ndaziona, ta durƙusa har ƙasa ta karɓi buhun garin masarar da tsohuwar ta riƙo.

"Ina ja'irar? Ta yi girman da ba za ta tari kakarta ba?"

"Tana gida, Kaka. Mu taka a hankali."

"Da wace ƙafar? Ga masu babur can."

"A'a, Kaka. Ban da babur. Ban da gangaren nan da suke bi."

Suka bi doguwar hanya. Hazo ya rufe kan dutsen da ke saman garin. Yarinyar ta nuna mata kasuwar da ɗalibai ke sayen busasshen kifi, da majami'ar da suke zuwa ran Lahadi. "Nan asibiti ne," ta ce, ba ta ko kalli wajen ba.

Nambewe dai mutane take dubawa. 'Yan mata ne rukuni-rukuni, kowacce da zani har idon sawu, kai a ɗaure, babu mai shewa. Samari na biye da su, ɗauke da itace da manyan tukwane. Da sun ga Ndaziona tare da tsohuwar sai su rage murya, su kauce, su gaishe ta da hannu biyu.

Ashe sharri aka yi wa garin nan.

"Kullum haka kuke shiga?"

"Ba kullum ba, Kaka."

Tsohuwar ba ta saurara ba, ta riga ta yanke shawara: Tiyamike za ta zauna ta ƙare karatunta. Da bakinta za ta faɗa mata, amma ba za ta saki fuska ba, kada yarinya ta samu sake.

Suka sha kwana. Waƙar majami'a na tashi ƙasa-ƙasa. Wani mai keke ya sauka yana turawa. Ga ɗanyen ganye kwance a kan hanya, ko yaushi bai yi ba.

"Allah sarki," in ji Nambewe, ta gyara ɗankwali. "Mu wuce a natse. To, wanne ne gidan su Tiyamiken?"

Ndaziona ta sauke buhun, ta sake durƙusawa, ta nuna ƙofar da aka shimfiɗa ganyen a gabanta, inda 'yan matan nan masu zani suke ta shiga.