Ɗakin da ke Gindin Dutse

Tsohuwar ba ta kalli kyamara ba. Baya ta juya wa mai hoton, ta tsaya tana ƙare wa labulen kallo.

Shekara shida ke nan da ya hau babur ya je ƙauyen su tsohuwar ya ɗauko hoton nan: dutsen da kakanni suka fake a kansa zamanin yaƙi, tsohuwar rijiya, da kukar da ta girmi kowa. Ya buga shi a ƙaton labule, ya rataya a shagonsa na Jibiya. Tun da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyen bara, waɗanda suka tsira ke zuwa su tsaya gaban labulen a ɗauke su, kamar suna gida.

"Inna, juyo mana," ya ce.

"Ga kuka, ga rijiya," ta ce, yatsanta na bin labulen. "Ɗan nan, ina ɗakina? Nan yake, gindin dutse. Har ruwa na ba ka ran nan."

Ya tuna ɗakin. Jinka ta zube gefe guda an toshe da buhun taki, ga tsummokara a kan danga. Ɓata masa hoto ya yi, shi ya sa ya goge shi a kwamfuta, ya shimfiɗa ciyawa shar a wurin. Har yabo ya sha.

Ta daɗe tana shafa ciyawar. Sannan ta gyara mayafinta.

"Ashe kai ka riga su share mu."