Gurbi Ɗaya a Rukunin Bincike

"Ka jira a waje," in ji Farfesa, ko ɗago kai bai yi ba.

Auta ya fito ya ja ƙofa. Sai da ta rufu ya tuna ya bar shayinsa a kan tebur, amma ba halin komawa.

Gurbi ɗaya tak sashen lissafi ya ware wa ɗaliban digirin farko a rukunin bincike na bana. Duk wanda ya samu, da manya zai yi aikin hutu, sunansa ya fito a mujalla. Masu neman gurbin sun cika baranda suna jiran hukuncin kwamiti. Da suka gan shi suka yi tsit, suka matsa masa a benci. Bai zauna ba.

Ɗaliba ta ƙarshe ce ke ciki. Kowa ya san ta a sashen. Ita ke fara zuwa aji, ba ta kuma barin malami ya fita sai ta gane.

Ta jikin ƙofa yana jin alli na bugun allo, ƙwas, ƙwas. Hujjar lissafin da ake warwarewa ya haddace ta kamar sunansa. Ya san inda take da santsi, wani mataki can tsakiya da alamar ragewa ke ɓace wa mutum.

Alli ya tsaya.

Muryar Farfesa ta taso, irin wadda ta sha sa ƙarti kuka. "Daga ina kika samo wannan layin?"

Gumi ya jiƙe wa Auta riga. Ya kai hannu ga mariƙin ƙofa, ya janye. Ko tari ya yi a ji shi, magana ta lalace.

"Ta kife," wani ɗalibi ya raɗa wa na kusa da shi. Auta ya watsa masa harara, yaron ya sunkuyar da kai.

Sai aka ji ƙarar goge allo. Alli ya ci gaba, a hankali, sannan da gudu, ɗalibar na faɗin kowane mataki a fili, ta wata hanyar da Auta bai taɓa bi ba. Ya rufe ido yana lissafi a ransa.

Ƙofa ta buɗe. Farfesa ya leƙo, tabarau a goshi, ya dubi Auta.

"An gama, ita ta samu. Dakta, sai ka dawo kujerarka. Ka san ƙa'ida, ba ka zama a kwamiti a kan naka."

Ɗalibar ta fito tana karkaɗe alli daga mayafinta, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ta dubi malamin daga sama har ƙasa.

"Kai Auta, ji yadda ka jiƙe! Ko ranar da na haife ka ban yi wannan gumin ba."