Randuna Masu Zanen Totuwa

Ajiye wayar nan tukuna, 'yata, ki sha furarki. Na ji abin da kika ce: wani ya ɗauki hoton kwalbar lemon kamfaninku da datti a ciki, ya watsa, kafin azahar duniya ta gani. Kin bincika kin tarar taku ce, amma manajanku na so ki rubuta cewa jabu ce, a kuma nemo masu yawan mabiya su yi ta yabonku har maganar ta nutse. Ni ban san aikinku ba. Amma na san wata maginiyar tukwane da aka yi a garinmu.

Randunanta sun yi suna, domin ruwan da ya wuni a cikinsu sai ka ce daga ƙarƙashin dutse aka ɗebo shi. Duk uwar da za ta kai 'yarta ɗaki, randarta take nema. Alamarta kuwa kowa ya sani: tun yumɓu na ɗanye takan danna babban yatsanta sau uku a ƙasan bakin randa. Wata shekara, ana gab da kaka, lokacin da bukukuwa ke yawa, lauje ya yanke ta a wannan yatsa. Sai ta ɗauki totuwar masara ta mirgina a wuyan randunan da ta gina a makon, guda goma sha biyu. Ranar gashi kuma hadari ya haɗo, ta ji tsoron ruwa ya ɓata mata aiki, ta janye wuta da wuri. Ido bai ga aibu ba, 'yan sari suka kwashe sha ɗaya suka kai kasuwa, ɗaya ta rage a gida. Bayan kwana uku wata mata ta zo ɗiban ruwa tana mita, wai ta cika sabuwar randa da safe, kafin la'asar ɗakinta ya zama fadama. A garinmu kuwa, maganar da aka yi a bakin rijiya takan riga mai ita isa gida. Kafin rana ta faɗi ana ta tambayar ginin wa ne, wasu har sun fara ambaton sunan maginiya. Ƙanenta, dillali ne a kasuwa, ya zo da shawararsa: tunda babu yatsanta a jikin randunan, kuma ba daga hannunta aka saya ba, ta ce ba ta san su ba. Shi kuma ranar kasuwa zai ɗauko maroƙi da kalangu a wasa ta har kowa ya manta.

Ta saurare shi har ya gama, ta ba shi goro, ta sallame shi. Da gari ya waye ta naɗa gammo, ta ɗora randar nan da ta rage, ta nufi rijiya daidai lokacin da mata suka fi cika. Ta ari guga ta cika randar har baki, ta zauna kusa da ita har ƙasa ta jiƙe, ruwa ya fara bin ƙafafun mutane. Sannan ta ce, "Ginina ne. Ni na yi gaggawar janye wuta. Duk mai randa da zanen totuwa ta zo ta ɗauki sabuwa, tsohuwar kuma ta zuba gero a ciki." Aka yi mata dariya, wasu suka yi mata tsiya, ta shanye. Mako biyu ta yi tana gini ba don riba ba, kuma iyayen amare biyu suka koma wajen wani magini a kakar nan. Ƙanenta ya ce ta jawo wa kanta. Da shekara ta zagayo, wani baƙo mai sayar da randuna masu araha ya tsaya shan ruwa a rijiyar, ya saki magana cewa maginiyar daga kududdufin ƙazanta take haƙo yumɓu, shi ya sa yara ke ciwon ciki. Matar nan da ɗakinta ya taɓa zama fadama ita ta ajiye tulunta ta dube shi. "Malam, da haka ne, da ta riga ka zuwa nan ta faɗa da bakinta." Sauran mata suka ce ƙwarai kuwa, kowacce ta ci gaba da jan guganta. Maganar ba ta ko kai bakin hanya ba. Ita maginiya sai bayan mako guda ta ji labari, tana zaune a inuwa tana cuɗa yumɓu, randuna takwas na jiran masu su. Ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Har ta tsufa, randar nan mai yoyo na nan a tsakar gidanta, cike da gero, kaji na zagaya ta.

To, rijiyarku ta yanzu ga ta nan a tafin hannunki, ta fi tamu faɗi, ta fi ta saurin kai magana. Amma masu ɗiban ruwan ba su canja ba. Ƙarasa furarki, ki je ki sami manajan naku. Magabata sun riga sun faɗa: ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.