Majanyin Inna Tabawa

Shekara goma sha biyu da hana goyo, Inna Tabawa ta taso daga Gumel ganin jikanta, da tsohon majanyi ɓoye a ƙasan jaka.

Ta tarar da jaririn kwance cikin akwatin gilashin da hukuma ke raba wa masu jego. Tana miƙa hannu, sai wata 'yar fitila ta yi ja.

"Inna, kada ki taɓa!" in ji 'yarta Saude. "Ba ki da takardar ɗauka. In ta yi ja sau uku, zuwa za su yi su tafi da shi."

"Angon nawa ne sai da takarda? Tara na goya a bayan nan."

"Kika binne huɗu," Saude ta ce, kanta a sunkuye.

Inna ta san ba ƙarya aka yi mata ba. Can ta ce, "Ke kina ɗaukarsa?"

"Minti goma kullum, da safar hannu."

Yaron ya tsala kuka. Akwatin ya soma jijjiga shi, ya yi tsit, bai nemi kowa ba.

Saude ta hango bakin majanyin a cikin jakar. Ta yi ƙasa da murya. "Inna, yaya ake ji in yana bayan mutum?"

Sai tsohuwar ta juya baya, ta ranƙwafa. Saude ta kwantar da kumatunta a bayan uwar, tana kuka ba sauti.

Fitilar tana nan kore shar.