Zabirar Wanzamin Birchi

Ranar Litinin, ƙarfe tara da kwata na safe, Manjo Ja'afar, likitan sansanin sojojin da ke wajen Dutsin-Ma, ya ƙirga tabo shida a bayan Kofur Jibril. Shatin ƙaho ne. Jibril shi ne soja na goma sha huɗu da aka gani da irinsa cikin wata biyu.

Kukansu ɗaya ne: ciwon baya da kafaɗa, saboda nauyin rigar sulke da doguwar tafiya a bayan mota. Manjo yana ba su ƙwaya da man shafawa, su kuwa da sun sami hutu sai su sulale wurin wanzami. Tun a soja na biyar ya rubuta wa kwamanda takarda mai shafi uku. Ya ce ilimin likita bai tabbatar da amfanin ƙaho ba, kuma aska ɗaya a jikin mutum goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta. Ya ba da shawarar a gano mai yi, a karɓe kayan aikinsa. A ɗakin cin abincin hafsoshi har ya kwaikwayi yadda wanzami ke zuƙar ƙaho, aka yi ta dariya. Wani kyaftin ya ce ya iya kamar ya taɓa yi.

Kwamanda ya amince. Suna kawai ya rage, kuma sojoji goma sha uku sun ƙi faɗa.

"Wa ya yi maka?" in ji Manjo.

"Yallaɓai, Labaran Wanzami ne, a Birchi," in ji Jibril. "Wallahi tun ranar nake samun barci."

Manjo ya sa ya maimaita sunan, sannan ya rubuta. Ya roƙi a tura wani hafsa, domin yana da marasa lafiya a kwance. Kwamanda ya ce wanda ya kawo shawara shi zai je, shi zai sa hannu.

Ranar Laraba suka kama hanyar Kurfi, Saja Ɗanmusa na tuƙi. Da suka shiga Birchi, Saja ya rage gudu zai tambayi masu faci, sai Manjo ya ce ya yi hagu bayan masallaci.

Sun tarar da tsohon a zaure yana yi wa wani mutum aski. Ya amsa sallamar Saja, ya shimfiɗa tabarma. Manjo bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya karanta tambayar farko daga takarda: aska nawa ake tsaga da ita?

Tsohon ya juya wajen Saja.

"Samari, hwaɗa mashi ba ni tsaga da aska. Reza sabuwa, kowa da tashi, gaban idonshi nika ɓare ta. Ƙahonin kuma dahwa su nikai. Wani ɗan makaranta ya koya mani haka, yau shekara goma sha takwas."

Ya fito da kwalin reza da tukunyar dafa ƙahonin. Manjo ya duba, ya ga gaskiya ne. Amma gurbi biyu kaɗai takardar ke da su: an karɓe, ko ba a karɓe ba. Idan ya zaɓi na biyu, sai ya tsaya gaban kwamanda da hafsoshin da suka yi dariya, ya bayyana abin da ya sa ya janye shafi uku saboda wannan tsoho. Ya san tambayar da za ta biyo baya.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ya sa hannu a gurbin farko.

Tsohon ya roƙi alfarma ɗaya, ta bakin Saja: a bar shi ya ƙarasa wa bawan Allah nan kansa. Suka jira. Da ya gama, Saja ya lissafa: ƙaho bakwai, aska huɗu, dutsen washi ɗaya, zabirar fata ɗaya. Da su ne tsohon yake askin suna a ƙauyuka biyar. Ya miƙa zabirar da hannu biyu, ya ce Allah shi ba da sa'ar aiki, ya koma kan tabarmarsa.

A mota Saja ya kasa haƙuri.

"Yallaɓai, ka ga rainin tsohon nan? Manjo guda a tsaye, ko ido bai ɗaga ya dube ka ba! Yana ta aiko maka da magana ta bakina kamar ba ka wurin. Da ka ba ni dama, da na koya masa ladabi."

Zabirar na kan cinyar Manjo har suka hango shingen sansani.

"Ba raini ba ne, Saja," in ji shi a hankali. "Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa kallona a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farinsa."