Gidauniyar da Ba a San Mai Ita Ba

Haliru ya kwance ƙullin tsumman a gaban hakimi, kwabbai da sisi-sisi suka watse a kan tabarma, duk sun yi maiƙo. Babu takardar fam ko ɗaya. Haliru ya ce wannan wayon attajirai ne, don kada a gane su.

Haliru shi ne malamin awo na kasuwar Boɗinga. Tun da yaƙin Turawa ya yi zafi, hukuma ta hana sayar da gero sai a mudunsa, a kan farashin da ta yanka. Da mudun nan ya gina soro, ya sayi keke. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ko surukinsa na Horo Birni sai da ya bar rumfarsa yana share hawaye. In dokar ta faɗi, Haliru ya faɗi, kuma ya san haka.

Kwatsam sai ga Ƙungiyar Ciniki Sake, wai a bar manomi ya sayar wa wanda ya ga dama. Shugabanta Mainasara, manomin albasa da ko rigar canji ba shi da ita! Kafin wata biyu an kafa irinta a Shagari, an kafa a Dingyaɗi. Suna biyan mai rubuta koke, suna biyan mota zuwa Sakkwato. In an tambaye su sai su ce, "Gidauniya ka ba mu." Wa ke da gidauniyar? Oho. Kowace ranar kasuwa dai akan tsinci ƙullin kuɗi a zauren Mainasara. Ɗaya daga cikinsu ne ya faɗo hannun Haliru ya kai gaban hakimi.

Abin da ya fi tsorata Haliru, takardun koken sun san komai. Sun san an bubbuge gindin mudun ya ƙara zurfi, sun san inda rarar take kwana. Ya zargi Alhaji Maniru mai raƙuma, ya zargi wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa na Sakkwato, ya zargi har ɗan'uwansa. Abinci ya daina shiga. Kullum ya dawo sai ya zauna ya zazzage wa matarsa Safinatu cikinsa, ita kuwa tana tuyar ƙuli-ƙulinta tana saurare.

Hakimi ya tara duk wani namiji baligi a ƙofar fada, aka rantsar da su da Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya rantse, babu wanda ko kansa ya yi ciwo.

Haushi ya ci Haliru. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, gidan da kuɗɗin ga ka hitowa, a rufe rumbun maigida, a tuɓe shi in yana da muƙami. Kada a saurari ban sani ba." Hakimi ya yarda, Haliru ya rubuta hukuncin da hannunsa.

Ranar kasuwa ya laɓe da dogarai bayan wata bukka kusa da gidan Mainasara. Wajen hantsi sai ga tsohuwa Shatu, dillaliyar da ke shiga gidajen matan aure da kayan talla. Ta waiga, ta jefa ƙulli a zauren Mainasara. Dogarai suka cafke ta.

"Wa ya aiko ki?" in ji Haliru.

"Ni 'yar aike ce, ɗana."

"To kai mu gidan!"

Ta shige gaba tana dogara sanda, Haliru na biye yana tura kekensa, murna kamar ta kashe shi. Suka iso ƙofar Alhaji Maniru, ya gyara tsayuwa. Tsohuwa ta wuce. Suka wuce masallaci, suka wuce rijiya, jama'a na ƙaruwa a bayansu.

"Kun rantsar da maza kun bar mata," in ji Shatu. "Adashe ne, na gida arba'in, daga nan har Shagari. Geron iyayensu aka awo da mudun ga."

Ta tsaya a gaban sabon soro, ta ɗaga murya ta ce, "Safinatu, uwar adashe, hito ga maigidanki ya kawo miki baƙi."