Fuskar Kakanmu a Cikin Gem

Yaya Sani ne ya zo hutu daga Kano da gem ɗin a wayarsa. Irin na ɗan mutumin nan ne mai gudu yana tsallake ramuka, sai dai shi da abokansa sun cire kan ɗan mutumin, sun liƙa hoton kakanmu Malam Babba, har da jar hularsa.

Wata rana bayan la'asar ina zauren gidanmu a Toranke, ina ta dannawa ina dariya. Ban san Malam Babba yana bayana ba sai da na ji warin man zafin da yake shafawa a ƙirji, don ya kwana biyu yana tari. A kan idonsa na kuskure tsalle, ya ga kansa ya zurma rami.

"Amarya," ya ce, ba da muryar da ya saba tsokanata ba, "sau nawa kika binne ni yau?"

Sau tara ne. Da gem ɗin ya dawo da shi, sai na tsayar da shi nesa da ramin, na ɗauke yatsuna. Ban san akwai agogo a saman allon ba. Kiɗan ya fara sauri, lokaci ya ƙare, ɗan mutumin ya faɗi a inda yake tsaye.

"To, kin gani," in ji shi, ya koma tabarmarsa yana tari. Wannan tarin ne ya zama ajalinsa.

Yau 'ya'yana suna buga irinsa. Da na ji kiɗan ya fara sauri, sai in bar musu ɗakin.